Ƙarar Butar Inna

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Ulonma ta ce babu.

Ulonma ita ce mai kemis ɗin bayan kasuwar Terminus a nan Jos, inda nake sayen maganin Inna tun shekarar da ta kwanta. Ban gama rufe lema ba ta hango ni ta soma girgiza kai. "Oga tela, maganin Mama bai zo ba. Na kira Legas, na kira Onica, kowa ya ce kamfani ya daina kawowa. Dala ya hau." Na ce mata dala ai ba yau ta fara hawa ba. Ta ce yanzu an wuce maganar tsada, abin ne babu shi.

Saura 'yan ƙwayoyi a katin. Ban gaya wa Inna ba.

Ni ba ma'abocin rubutu ba ne, in ba awon kwastoma ba. Amma gidan nan ya yi mini shiru, kuma wannan ba maganar da zan kai majalisar teloli ba ce. Su Jika sai su mai da ita abin dariya har ƙarshen damina.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Ciwon Inna cushewar ciki ne. In ka faɗa sai mutum ya yi murmushi, kamar ba ciwo ba. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ya sake ta, ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, hanji ne ya ce shi ya yi ritaya. Mun yi filasko, mun yi tsamiya, mun yi gwanda da man zaitun. Likita ya gwada na ruwa ya gwada na gari, kafin ya rubuta wannan 'yar farar ƙwaya mai sunan da har yau sai dai in nuna takarda. Guda ɗaya kowace safiya. Ita kaɗai cikin ya yarda da ita.

Ni ne ɗan fari. Inna Tabawa ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta ci a gabana, ba ta sha a gabana. In na shigo sai ta dubi bango ta ce, "An dawo?" In za ta ambace ni wurin wani, ni ne "mai keken nan". To matar da ba ta iya faɗin sunana, ita ce za ta gaya mini ta kewaya ko ba ta kewaya ba? Da matata tana nan ita ce 'yar aike tsakaninmu. Mun rabu, ƙanwata Suwaiba kuma tana Bauchi gidan mijinta, sai ya zama buta ce take ba ni labari.

Butar ƙarfe ce, tun ta zamanin da Baba yake aikin kuza. An sayo mata ta roba ta ba maƙwabta. Ta alwala daban, a bakin rariya take yi. Wadda nake jira ita ce ta bayan sallar asuba: ƙarar jan buta a siminti, takunta mai jan ƙafa ɗaya, ƙofar langalanga, dogon shiru, sannan zubar ruwa. In na ji haka sai in tashi in tafi shago da ƙarfina.

Ƙato da furfura a gemu, kwance yana sauraron ban-ɗaki. Allah ya sa kada kowa ya karanta wannan.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan magariba

Na rufe shago na bi gari da ƙafa. Kemis ɗin da ban shiga ba sai wanda ban gani ba. Wasu su karanta takardar su miƙo mini, wasu su ce in sha ruwa da yawa, kamar ni ne marar lafiyar. Ruwan sama ya yi mini dukan da ya ga dama.

A wani shago wani yaro mai ƙyalƙyalin agogo ya shiga ciki ya fito da kwali ɗaya. Da ya faɗi kuɗin sai da na dafa kanta. Ko na sayar da ƙaramin kekena sai na yi ciko. Kuma wallahi na soma lissafin wanda zai saya. Na ɗauki hoton kwalin na kai wa Ulonma, ta ja hoton da yatsa biyu ta ce, "Wannan jabu ne, oga. Kalar bai yi ba. Alli za ka ba Mama."

Ban sani ba ko murna zan yi keke ya tsira.

Asabar, 9 ga Agusta, da azahar

Yau na miƙa wa Inna ta ƙarshe. Ta karɓa ta riƙe a hannu, ta jira na fita kamar kullum.

Na koma wa likita a asibiti. Ya ce ya sani, ba mu kaɗai ba ne. Ya sake rubuta na ruwan nan da bai taɓa yi mata aiki ba, ya ce in cikin ya kumbura ko ta fara amai, kada in tsaya shawara da kowa, in kawo ta.

Da na je karɓar na ruwan, Ulonma ta jira kwastomomi suka ragu. Ta ce mutum uku ne kawai suke sayen wannan magani a wurinta: Inna, da wani tsoho a Apata, da wata Hajiya Maimunatu a Bukuru. "Hajiya ya daina zuwa tun bara. Yaronta yana Turai, yana aiko mata kwali-kwali." Ta soma goge gilashin kanta da ba shi da datti. "Amma na ji jikinta babu daɗi. Ko abinci ba ya ci."

Ban tambaye ta gidan ba. Ita ta ce bayan kasuwa, kusa da kududdufin kuza, ƙofa shuɗiya. Sannan ta ce, "Ni ban ce komai ba fa."

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan asuba

Buta ta yi ƙara. Ragowar na jiya ne.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan magariba

Duba marar lafiya ba ya bukatar gayyata. Abin da na yi ta gaya wa kaina ke nan a cikin bas har Bukuru, da ledar lemo da ayaba a cinya.

'Yarta ce ta fito, Madina, mace mai idon wadda ta daɗe ba ta yi barci ba. Na ce mahaifina ya yi aikin kuza a nan, na ji Hajiya ba lafiya. Ba ƙarya na yi ba, duka biyun gaskiya ne. Ta shigar da ni.

Ɗakin yana ƙamshin turaren wuta da wani abu a ƙarƙashin turaren. Hajiya ta ƙare, sai idanu. Na durƙusa na gaishe ta, na nemi gefen tabarma zan zauna, sai ta ɗaga yatsa ta nuna wata kujera. "Zauna can, ɗan nan. Ka fi gani daga can."

Na zauna. Kujerar tana fuskantar kabad. A samansa akwai farar leda, kwalaye a jere a ciki, kalar da Ulonma ta ce ita ce ta gaskiya. Na yi ta kallon ƙafafuna.

A soro na cire kunya na gaya wa Madina abin da ke tafe da ni. Na ce ko kati ɗaya ta sayar mini. Ba ta yi fushi ba. Ta ce yayanta ya ce shi ma yanzu da ƙyar yake samu, kada ko ƙwaya ta fita. "Malam, tana raye tana sha. Ta yaya zan cire daga bakinta?"

Na ce gaskiya ne, Allah ya ba ta lafiya. A hanya hazo ya sauko kan kududdufin har ba a ganin ɗaya gaɓar.

Talata, 12 ga Agusta, bayan asuba

Babu buta.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan asuba

Babu buta. Na dafa filasko na ajiye a bakin ƙofarta. Da rana na ji tana nishi ƙasa-ƙasa, da na yi gyaran murya ta daina.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Na sake zuwa Bukuru. Jika ya ce ko bazawara na samu a can, tunda kwana biyun nan shagona ya fi zama a rufe. Na yi dariya don a bar maganar.

Hajiya ta fi rannan tafiya. Madina tana ɗiga mata ruwa da cokali. Kujerar tana nan inda take, babu kowa a kai, ko da yake akwai mata biyu a ɗakin da suka takure a tabarma. Na zauna. Ban ɗaga kai ba, amma na san ledar tana nan, kamar yadda mutum yake sanin akwai wani a bayansa.

Da zan tafi Hajiya ta motsa baki. Madina ta ce in matso. Na sunkuya, numfashinta da sanyi. Ta ce, "Ka ƙara haƙuri, ɗan nan."

Madina ta ce haka take yi yanzu, maganganu barkatai. Na ce haka tsufa yake.

Na bar lemata a can, sai da na jiƙe na tuna.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Na ɗaga hannu zan yi wa Hajiya addu'a, na tsaya, na shafa hakanan.

Ni mutumin kirki ne. Duk unguwar Ali Kazaure a tambaya, ban taɓa cin yadin kowa ba.

Asabar, 16 ga Agusta, da hantsi

Babu buta. Tuwon jiya ya dawo yadda na kai shi, an ɗan taɓa gefen don kada a ce ba a ci ba. Na kira Suwaiba, ta ce ƙaramin ɗanta yana ƙyanda, sai ya warke. Ta yi magana da Inna a waya, Inna ta ce mata lafiya lau.

Wayata tana aljihun gaba. Duk ƙarar da ta yi sai gabana ya faɗi, kuma ba faɗuwar tsoro ba ce. Ba zan rubuta ko ta mece ce ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

Madina ta kira.

Lahadi, bayan la'asar

Na samu jana'iza. Har na sa kafaɗa a makara, ba ta da nauyi ko kaɗan. Wani dattijo ya tambaye ni ko ni ɗan wane ne a dangin, na ce maƙwabcin arziki ne. Ya sa mini albarka har da riƙe hannu.

Na kasa cin abinci.

Talata, 19 ga Agusta, bayan magariba

Yau sadakar uku. Ina zaune cikin maza a ƙofar gida aka ce ana kiran tela a soro. Madina ce, fuska a kumbure. Ta miƙo mini lemata da wata baƙar leda, ta ce, "Karɓi." Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, mata suka kira ta daga ciki, ta juya. Ni kuma ban tsaya ba. Ban tambayi ko da sanin yayanta ba, ban tambayi komai ba, na cusa ledar a cikin riga na bi ta bayan kasuwa kamar wanda ya yi sata.

Kwalaye ne da za su kai mu baɗi.

Na yi sallama a ƙofar Inna na ajiye ɗaya a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa. Turaren ɗakin can ya kama kwalin, ni ma ina jin sa.

Ta dubi bango. "An samu?"

"An samu, Inna."

"A ina aka samu?"

Da na ce Ulonma ce da shi ke nan. Amma ban iya yi mata ƙarya ba, ko ina yaro. Na ce gidan wata rasuwa ne a Bukuru, 'yar marigayiyar ce ta ba ni.

"Ita kaɗai ta haifa?"

"Akwai namiji a Turai."

"An raba gadon?"

Na ce, "Inna, magani ne fa, ba gona ba."

Can ta ce, "To," ta miƙo hannu. Na ɓallo mata ɗaya na fita.

Sai yanzu nake tuna lokacin da Baba ya rasu. Ta kulle ɗakinsa, ko guntun sabulunsa ba ta bari an taɓa ba, buhun masararsa yana ciki muna sayen awo a kasuwa, har sai da malam ya zo ya raba. Amma wancan dukiya ce. Wannan kuwa ta ce to, da kunnena na ji.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan asuba

Buta. Jan ƙarfe a siminti, taku, ƙofa, shiru, ruwa.

Na kifa fuska a matashi na yi kuka, ni da gemuna. Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Hajiya Maimunatu, ya sa ta huta, kuma wannan addu'ar da zuciya ɗaya na yi ta.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan asuba

Buta.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma

Buta. Na ɗinka riguna uku yau, har na saya wa su Jika shayi. Ya ce lallai bazawarar Bukuru ta amsa.

Kajin maƙwabta sun koyi shigowa gidanmu. Suna taruwa a bayan tagar Inna suna tsattsaga, ban san me suke samu a wurin ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan azahar

An yi sallama da Hausar 'yan kasuwa. Wani mutum ne da kayan coci, ya ce sunansa Ikechi, yana sayar da kayan wuta a Terminus. Da ledar lemo da ayaba a hannunsa.

"Madam Ulonma ya ce Mama ba lafiya. Na ce bari in zo in gaishe shi."

Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ya gaida Inna daga bakin ƙofa, da ladabi ƙwarai, har da rusunawa. Muka yi maganar ruwan bana da tsadar kaya. Idonsa yana kan ƙafafunsa. Sau ɗaya kawai ya ɗaga, ya dubi tagar Inna inda kwalin yake, ya mayar da sauri.

A ƙofar gida ya ce babansa ne tsohon Apata. Yau kwana da kwanaki. Ya ce ko kati ɗaya, ko nawa ne zai nemo.

Ina da na shekara a ƙarƙashin gado. Amma in na baɗi ya zo babu fa? In kamfanin bai dawo ba har abada? Na ji bakina yana cewa, "Tana raye tana sha. Ta yaya zan cire daga bakinta?"

Ya ce gaskiya ne, Allah ya ba ta lafiya.

Lemon yana nan a leda, na kasa taɓawa.

Litinin, 25 ga Agusta, bayan asuba

Buta. Daidai lokacin jiya, daidai tsawon shirun jiya. Da can ba haka take ba, wata rana ta daɗe, wata rana ta yi sauri.

Magani mai kyau ne, shi ya sa.

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

Buta.

Na shiga ban-ɗaki bayan ta fito don in yi wanka. Siminti a jiƙe, fes, babu warin komai sai na ruwa. Inna mace ce mai tsabta.

A zaune take sallah yanzu. Ta ce wa bango sanyin Jos ne ya kama gwiwa. Ta yafa babban mayafi tun daga wuya har ƙasa, ko a ɗaki ba ta cirewa. Da na kai mata koko na ji wani wari a ɗakin, a ƙarƙashin turaren da ta kunna. Na san inda na taɓa jin sa.

Na miƙa mata ƙwayar, ta karɓa ta riƙe, na fita.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan asuba

Buta. Amma takun ya daɗe kafin ya kai ƙofa, kuma sau biyu na ji ta dafa bango.

Na kwanta ina saurare. Na ji ruwan ya zuba, na tashi na tafi shago. Na tafi shago. Ina so in rubuta wannan sau biyu don kada wata rana in ce ban yi ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, bayan la'asar, a barandar asibiti

Jiya da azahar maƙwabciya ta aiko a kira ni. Amai. Ba zan rubuta kalarsa ba. Suwaiba ta baro yaron wurin uwar mijinta ta shigo motar yamma.

Ita ta cire mata mayafin. Na ji salatinta daga tsakar gida. Cikin ya yi tsini, ya yi tauri kamar ƙwarya, zanen ma ba ya zagayawa. A bakin zanen akwai ƙulli, irin wanda tsofaffi suke ɗaure canji. Suwaiba ta kwance ta fito da shi a tafin hannu ta nuna mini. Fararen ƙwayoyi, tun daga ta ranar Talatar can, babu wadda ta yi ciwon kai.

Abin da ba za ta gaya mini ba ta gaya wa Suwaiba. Haƙƙin magada ne, ba a raba ba, namijin bai sani ba, ita ba za ta shiga kabari da kayan mutane a cikinta ba. Tuwon kuma ta taga take zuba wa kaji.

Suwaiba ta ce, "To Inna, butar fa? Yaya ya ce kullum kina kewayawa."

Ta ce, "In bai ji ruwa ya zuba ba, mai keken nan ba ya iya zuwa shago."

Ashe ta sani. Duk shekarun nan ta san ina kwance ina saurare.

Likita ya ce hanji ya toshe, sai aiki, kuma jikin ya yi rauni. Ya tambaye ni me ya sa ban kawo ta da wuri ba. Na ce buta, na ga ba zai gane ba.

Juma'a, 29 ga Agusta, da hantsi

Sun sa mata roba ta hanci. Na shiga na tsaya daga ƙafar gado kamar yadda na saba. Ba ta dubi bango ba, ni ta duba.

"Zainulabideen."

Na waiga in ga da wa take. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ta faɗe shi a hankali, gaba ɗayansa, babu inda ta gutsure.

"Ka mayar musu da kayansu."

Na ce to, Inna. Suwaiba ta fita da gudu tana toshe baki. Ni da na yi shekara arba'in da wani abu ina son in ji, yanzu da za a ba ni zaɓi da na ce ta mayar da shi.

Juma'a, bayan magariba

Na kai ledar Bukuru, har da na ƙullin zanen.

Madina ta dube ni ta dubi ledar. Ta ce me ya faru, bai yi mata aiki ba? Na gaya mata. Ta zauna a dakalin soro kamar an tura ta.

Ta ce wasiyya ce. Tun ranar da na fara zuwa Hajiya ta ce, "Telan nan ba ni ya zo dubawa ba, uwarsa yake jinya. In na tafi a ba shi." Ta faɗa a gaban mata biyu, ta sa aka kira na Turai a waya ta maimaita masa, ya ce ya ji ya yarda. Abin da ta buɗe baki za ta gaya mini ke nan ranar uku. "Na fito daga baya ban gan ka ba, malam. Me ya sa ba ka tsaya ba?"

Halal ne. Tun ranar farko halal ne, kalma ɗaya ce da na tsaya na ji da na kai wa Inna.

Na fito da gudu da ledar. Bas ta tsaya cika a kasuwa, ruwa ya tsare mu a hanya, ni kuma ina ta maimaita yadda zan faɗa mata, wasiyya ce Inna, da shaidu, ɗan ya yarda. Na kira Suwaiba ta sa mata wayar a kunne, ba ta ɗauka ba.

Na iso na tarar an canja zanin gadon, babu kowa a kai.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Mutane suna ta zuwa. Jika ne yake raba ruwa, tun shekaranjiya bai tsokani kowa ba. Ulonma ta zo da ɗankwali a ka, ta zauna cikin mata, da za ta tafi ta kasa haɗa ido da ni.

Ikechi yana can ƙarshen tabarma tun hantsi. Ya yi gaisuwa ya koma ya zauna, idonsa a kan ƙafafunsa. Na san abin da ke cikin ƙirjinsa, na san ɗacinsa, na san ba zai ci abincin da aka ajiye masa ba.

Na kira shi soro, na kira Suwaiba ta tsaya daga bayan ƙofa. Na ce mata mu biyu ne magada, kin yarda? Ta ce ta yarda. Na miƙa masa ledar. Ya sa hannu zai cusa a riga ya juya, na riƙe hannunsa.

Na ce, "Tsaya ka ji. Ka gaya wa Baba daga inda ya fito, ka ce masu shi sun bayar da bakinsu. Kuma ka tsaya a gabansa har ya haɗiye."

Ya ce, "Oga, wallahi ban yi addu'a Mama ya..." Na ce na sani, ni ma ban yi ba.

Laraba, 3 ga Satumba, bayan asuba

Suwaiba ta koma jiya, jikin yaron ya tashi. Ni kaɗai ne a gidan. Ɗakin Inna a kulle yake har malam ya zo, ko tsinke ban taɓa ba. Butar tana ciki, da hannuna na shigar da ita.

Na idar da sallah na kwanta. Sai na ji jan ƙarfe a siminti, da taku mai jan ƙafa ɗaya, da ƙofar langalanga. Ban ji tsoro ba, ban kuma tashi na leƙa ba, ɗan fari ba ya leƙa wannan.

Gari ya waye, kaji sun shigo, har yanzu shirun bai ƙare ba. Ina nan kwance. In ruwan ya zuba zan tafi shago.